Gashin sitek a kasko: me ya sa namu ke fitowa da tauri?

Duk mai bibiyar bidiyon girki na ƙasashen waje ya san yadda abin yake. A ɗauko yankan naman sa mai kauri, a barbaɗa masa gishiri, a shimfiɗa shi a kasko mai zafi, kafin minti goma an sauke. Bayansa ya yi ƙasa-ƙasa yana ƙyalli, cikinsa kuma na naso, wuƙa na ratsa shi ba gardama. Matan gida da samari da yawa a Kano da Kaduna da Maraɗi sun gwada, sun bi bayanin daki-daki, amma abin da ya fito musu nama ne mai launin toka, kwance cikin ruwansa, sai muƙamuƙi ya gaji kafin ya taunu. Daga nan sai a ce hannun mai girkin ne bai faɗa ba. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Girkin sitek, wato wannan gashin yankan nama mai kauri, an gina shi ne a kan wani irin nama da wani irin kasko, kuma yawancinmu ba su muke da su a kicin ba. Wanda ya gane abin da ke faruwa tsakanin ƙarfe da tsoka zai san inda zai bi masu bidiyon da inda zai saɓa musu.

Abu biyu ake nema a lokaci guda, kuma suna karo da juna. Bayan naman yana son wuta mai tsanani, cikinsa ba ya so.

Ƙamshin da ke jawo mutum zuwa tukubar mai tsire, da launin da ke hawa kan naman, suna fitowa ne daga haɗuwar sinadaran furotin da ɗan sukarin da ke cikin tsoka. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa a 1912, sannan a 1953 John Hodge, baƙar fata ɗan Amurka da ke aiki a ma'aikatar gona ta ƙasarsu, ya warware matakanta ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ke ba ɓawon burodi da soyayyar albasa da gasasshiyar gyaɗa ƙamshinsu. Amma ba ta kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Selsiyos. Cikin naman kuwa tun a digiri 50 furotin ɗinsa ya fara daskarewa. Tsakanin 60 da 65 farar yanar jijiya da ke naɗe da zaren tsoka takan tsuke, ta fara matso ruwa waje. Da an haura 70, sauran furotin ɗin ya ƙanƙance, naman ya bushe ya yi ƙarfi. Ke nan ana so a samu sama da digiri 140 a waje, kusan 60 a tsakiya, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin yatsa ba. Duk wata dabara ta gashin sitek, wannan tazarar take ƙoƙarin karewa.

Babban abin da ke hana ruwa gudu a nan, ruwan ne da kansa. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne, kuma ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka hura masa, sai dai ya zama tururi ya tashi. Wutar da ake ci kafin ruwa ya ƙafe ta ninka wadda ake ci wajen kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau biyar. Muddin akwai lema a bayan naman, zafinsa na tsaye a 100, wato dahuwa yake ba gasuwa ba. Kafin lemar ta ƙone launi ya fara hawa, zafi ya riga ya ratsa ciki ya gama ɓarna. Mu kuma mun saba wanke nama mu zuba a tukunya yana ɗiga. Ba zan ce a daina wanke naman kasuwa ba, don kowa ya ga ƙura da ƙuda da ɓurɓushin ƙashi da ke kansa a teburin mahauci. Amma bayan wankin a tsane shi, a goge shi da tsumma mai tsabta har ya daina manne wa hannu. Haka kuma kada a cika kasko. Yanka huɗu a kaskon da ya isa biyu, ruwan da suka saki ba zai samu hanyar tashi ba, sai a tashi da farfesun da ba a yi niyya ba.

Kaskon ma da nasa. Irin marar nauyin nan na alminiyom yana ɗaukar zafi nan da nan, yana kuma sakinsa nan da nan. Da nama mai sanyi ya hau kansa zafin ya faɗi, wutar risho ko ƙaramin gas kuma ba za ta iya maido shi da sauri ba. Kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi ba ya saurin zafi, sai an ba shi minti biyar zuwa goma a kan wuta, amma abin da ya tara yana riƙewa, shi ya sa masu wannan girki suka nace masa. Kaskon da aka shafa wa abin hana kamu bai dace da aikin ba sam, domin shafen yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, kuma kasko marar komai a kan wuta mai ƙarfi ba ya daɗewa ya kai nan. Wanda ke da kurfoti da gawayi mai kyau, wutarsa ta fi ta risho dacewa nesa ba kusa ba.

Sai kauri. Yankan da bai kai santimita 2 ba, cikinsa zai wuce misali kafin bayansa ya yi launi. Abin da ya fi shi ne santimita 2.5 zuwa 4. A kula, idan kauri ya ninka sau biyu, lokacin da zafi ke ɗauka ya isa tsakiya kusan sau huɗu yake ninkawa, don haka lissafin "minti uku kowane gefe" da ake gani a intanet ba shi da amfani in ba a san kaurin naman mai maganar ba.

Akwai wata magana da ta shiga bakin masu girki a duniya, cewa ƙona bayan nama da wuta mai zafi yana toshe shi ya hana ruwa fita. Justus von Liebig, shahararren masanin sinadarai na Jamus, shi ya yaɗa ta a 1847, kuma gwaje-gwajen da aka yi tun shekarun 1930 sun nuna ba haka ba ne. Ƙarar da nama ke yi a kasko daga farko har ƙarshe, ruwa ne ke fita yana ƙonewa. Ɓawon don ɗanɗano ake yinsa. Abin da ke riƙe ruwa a ciki shi ne kada tsakiyar ta yi zafi fiye da kima.

To, ko an gyara duk waɗannan, saura babbar matsalar, wadda masu bidiyon ba sa ambata saboda su ba ta shafe su ba. Naman da Ba'amurke ke saya a kanti yawanci na shanu ne irin su Angus, da aka tsare a garke ana ɗura musu masara, aka yanka su suna wajen shekara biyu ko ƙasa da haka. Kitse ya ratsa cikin tsokarsu zare-zare, har ma'aikatar gona ta ƙasar tana yi wa nama daraja hawa-hawa bisa yawan wannan kitse da ƙuruciyar dabbar. Namu kuwa Bunaji ne da Rahaji da Bokoloji da Azawak, shanun da suka yi shekaru suna kiwo da ƙafa, wasu sun ja garma, wasu sun haihu sau da yawa kafin a kai su kara. Yanar jijiya tana ƙara ƙarfi da shekaru da kuma aiki. Kitsensu kuma ya fi taruwa a tozo da cikin ciki, bai cika shiga tsoka ba. Akwai ma wani dalili na halitta. Bayan yanka, wasu sinadarai da ke cikin tsoka sukan ci gaba da sassauta zarenta a hankali, kuma shanu masu tozo suna da yawan wani furotin da ke taka wa waɗannan sinadarai burki. An tabbatar da wannan a binciken nama a Amurka da Ostireliya, har ta kai hukumar da ke tantance nama a Ostireliya tana auna tsayin tozo a cikin abubuwan da take hasashen taushin nama da su.

Wannan ba aibi ba ne ga shanunmu. Naman dabbar da ta manyanta a kan ciyawa ya fi ɗanɗano, kuma waɗannan shanu su ne ke jure zafi da fari da doguwar tafiyar da Angus ba zai kai labari ba. Iyayenmu sun san naman da suke da shi, suka gina girkinsu a kansa. Mai tsire da mai kilishi suna feɗe tsoka ta yi fele-fele yadda haƙori ba zai sha wahala ba. Mai dambu tana dafawa har ya yi lugub sannan ta daka. Farfesu kuma ana barinsa a wuta har jijiyar ta narke ta koma romo mai danƙo. Sitek ne kaɗai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan mafita: yanka mai kauri, wuta ta 'yan mintuna. Duk taurin da naman ya zo da shi, da shi zai isa faranti.

Lokacin yanka ma yana da hannu, kuma a ganina shi ne abin da aka fi yi wa rashin fahimta. Muna alfahari da naman yau, wanda aka yanka da asuba a kwata, aka saya da hantsi, aka dafa da yamma. Ga miya, madalla. Amma 'yan sa'o'i bayan yanka tsoka takan fara sandarewa, a naman sa kuma sandarewar kan cika cikin kamar kwana guda, daga nan ne take fara saki. Naman da aka gasa da yammacin ranar yanka ko washegari da safe an kama shi ne daidai lokacin da ya fi ƙarfi. A Turai da Amurka yawanci sai nama ya yi mako biyu ko fiye a ɗakin sanyi, tsakanin digiri 0 da 4, kafin ya iso hannun mai saye. Mai firij da wutar da ba ta yankewa zai iya ajiye yankansa kwana biyu zuwa huɗu a can ƙasa inda ya fi sanyi, zai kuwa ga bambanci. Wanda wutarsu ke zuwa tana tafiya kada ya gwada, taurin nama ya fi ruɓewarsa sauƙi. Wani kuskuren da ake yawan yi, musamman da layya, shi ne cusa nama da ɗuminsa cikin firiza. Tsokar da sanyi mai tsanani ya kama kafin ta gama sandarewa takan tsuke ƙwarai, ta yi taurin da ba ya gyaruwa. Gidajen da ke rataye dabbar layya ta sha iska ta tsane kafin a sassara suna da gaskiya fiye da yadda ake zato.

Tunda haka ne, rabin aikin a gaban mahauci ake yinsa, tun ran gini tun ran zane. Tsokar da ta fi taushi a jikin sa ita ce wadda ba ta aiki: siririya, doguwa, kwance a ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki, kusa da ƙoda. Ko a tsohuwar saniya ana iya gasa ta. Mai bi mata ita ce tsokar gadon baya, daga saman haƙarƙari zuwa ƙugu. Cinya da karfata da wuya da ƙirji na tukunya ne. A je da wuri, kafin a sassare komai a haɗa kashi-kashi, a ce masa: "Malam, gadon baya nake so, tsoka zalla. Ka yanko mini a gicciye, kaurin yatsu biyu, kada ka feɗe." Idan da halin zaɓi, naman ɗan maraƙi ko bijimin da aka turke aka yi wa kiwon gida ya fi na garken da ya sha tafiya.

Ɗanyar gwanda da abarba suna da sinadaran da ke cin furotin, kuma suna aiki, amma iyakacinsu bayan naman. In an bar su suka daɗe sai wajen ya yi laɓo-laɓo, cikin na nan yadda yake. Ɗan ruwan kanwa kaɗan yana sa tsoka ta riƙe ruwa, ta kuma yi saurin launi, sai dai da an zarce ɗanɗanonta ya fito ya ɓata komai. Dukkansu sun fi amfani a nama marar kauri.

Akwai abin da ke hana mutane da yawa kusantar sitek tun farko, wato jan ruwan da ke fitowa idan an yanka shi. Ana ɗauka jini ne, kuma Musulmi na da dalilin tsayawa ya tambaya. Ba jini ba ne. Jinin dabba yana zuba ne wajen yanka, abin da ya rage a tsoka kaɗan ne ƙwarai. Wannan jan ruwa ruwan tsoka ne gauraye da wani furotin mai suna mayogulobin, wanda ke ajiye wa tsoka iskar da take aiki da ita, shi ne ma ya sa naman sa ya fi na kaza ja. Zafi ke sauya masa launi zuwa toka yayin da aka doshi digiri 70. Aya ta 145 a Suratul An'am jini mai kwarara ta ambata, malaman fiƙihu kuma sun daɗe da bambance shi da ɗan abin da ke saura a jikin naman da aka yanka yadda ya kamata.

Inda ya kamata a ji tsoro wani wuri ne daban. A yankan nama guda wanda ba a huda ba, ƙwayoyin cuta a bayansa suke, kuma wutar kasko na kashe su. Niƙaƙƙen nama ba haka yake ba, don niƙa ta kai na waje ciki; a 1993 niƙaƙƙen naman da bai gasu ba ya sa wa mutum sama da 700 rashin lafiya a yammacin Amurka, yara huɗu suka rasu. Shi ya sa nake ƙin a riƙa caccaka sitek da cokali mai yatsu don wai ya yi taushi, hanya ce ake buɗe wa abin da ke waje. Sannan akwai tsila. 'Ya'yanta suna zama ne a cikin tsokar saniyar da kanta, wanki ba ya fitar da su, wutar da ta tsaya a waje ba ta taɓa su. A inda likitocin dabbobi ke duba kowace dabba haɗarin kaɗan ne, amma da yawa daga naman da muke saya ba wanda ya duba shi. Saboda haka ba na goyon bayan a kwaikwayi masu cin sitek da tsakiya ɗanya jawur, mai digiri 50 ko 52. Ma'aikatar gona ta Amurka kanta digiri 63 ta ba da shawara ga yankan nama guda, tare da barinsa minti uku kafin a ci, niƙaƙƙe kuma 71. A 63 naman yana da sauran ɗan ja-ja da ruwansa, kuma tsila ba ta rayuwa. Mai juna biyu da ƙananan yara da marar lafiya a gasa musu nasu har ciki ya sauya launi gaba ɗaya. Ƙaramin ma'aunin zafin nama, mai tsinken ƙarfe, ya fi duk wata dabarar latsawa da yatsa, don taurin namanmu yana ruɗar yatsa.

Gishiri yana da lokuta biyu. Ko a zuba shi ana gab da ɗorawa, ko a zuba tun da sauran aƙalla minti 40, in da firij ma tun daren jiya. A tsakanin nan ne matsala take, domin gishiri yana jawo ruwa waje cikin 'yan mintuna, sai daga baya tsoka ta sake shanye shi. Wanda ya ɗora a minti na goma ya ɗora jiƙaƙƙen nama. Yajin ƙuli da dakakken barkono da tafarnuwa ba sa jure zafin wannan kasko, ƙonewa suke su yi ɗaci, don haka a bari sai an sauke.

Mai kaɗan ake sa wa, wanda ba ya saurin hayaƙi, kamar tataccen man gyaɗa. A nan muna da abin da masu bidiyon ke sayen irinsa da tsada. Ɗanyen bota yana ƙonewa da wuri saboda ɓurɓushin madarar da ke cikinsa, shi ya sa suke jira sai ƙarshe su jefa shi. Man shanun da aka soya aka tace, kamar yadda ake yi a gidajenmu, an riga an raba shi da wannan ɓurɓushi, yana jure zafi har wajen digiri 250, ga ƙamshin da bota ba ta da shi. Da shi za a iya farawa a kuma gama.

Idan mai ya fara rawa a kasko ana gab da ganin hayaƙi, a shimfiɗa naman ta gefen da ba zai fantsamo wa mutum ba, a danna shi kaɗan ya kwanta sosai. An daɗe ana cewa sau ɗaya tak ake juya sitek. Gwaji ya nuna juyawa akai-akai, kamar kowane rabin minti ko minti guda, ta fi: gefen da ke sama bai gama hucewa ba ya koma wuta, gefen da ke ƙasa bai tara zafin da zai ƙona naman da ke ciki ba, sai naman ya gasu da sauri kuma bai-ɗaya. Duk mai balangu haka yake yi. A minti biyun ƙarshe a rage wuta, a jefa tafarnuwar da aka fasa da ɗan yankan citta a cikin man, a karkata kaskon a riƙa ɗiba da cokali ana yarfa wa naman.

A sauke shi da sauran digiri 3 zuwa 5 kafin inda ake so, saboda zafin da ke waje zai ci gaba da shiga ciki bayan an ɗauke shi daga wuta, mai kauri ma ya fi hawa. A bar shi minti biyar a buɗe, in an kife shi da kwano tururi zai jiƙa ɓawon da aka sha wahalar samu. Wajen yankawa a duba inda zaren tsokar ya miƙa, a sa wuƙa a gicciyensa, a yi siraran yanka. A namanmu wannan matakin na ƙarshe yana rage tauri fiye da gwanda da kanwa a haɗe.

Ranar da aka je kasuwa aka tarar gadon baya ya ƙare, sai cinya, kada a tilasta mata zama sitek. A yanka ta sirara a gicciye, kaurin rabin santimita, a tsane, a gasa kaɗan-kaɗan a kaskon nan mai zafi, minti guda kowane gefe, a barbaɗa yajin ƙuli da ɗanyar albasa bayan an kwashe.